Kaskon Hanatu Mai Turare

A Tudun Wadar Gusau, shekarun nan da aka yanke Zamfara daga Sakkwato kowa yana ɗaga kafaɗa wai an samu jiha, ba ka buƙatar mai nuna maka hanya in gidan Hanatu Mai Turare kake nema. Hancinka ya ishe ka. Kana karyo kwanar masallacin unguwa ƙamshi zai tare ka, ya ja ka har bakin zaure. Matar gidan gajera ce, kakkaura, mai saurin magana da saurin fushi da saurin hucewa. Yatsunta duk sun yi kanta, don da hannu take ɗaukar garwashi ta jefa a kasko, kuma in ka ce mata ta yi amfani da cokali sai ta dube ka kamar ka zage ta.

'Yar Bungudu ce. Kakarta ta wajen uwa ta raine ta, kuma a gindin murhun tsohuwar ta koyi sana'a tun ba ta iya ɗaurin zane ba. Ta san kajiji mai kyau daga wanda ruwa ya taɓa, ta san ƙaron hano da na ƙarya, ta san yadda ake toya icen turare da sukari har ya yi duhu bai ƙone ba. Amma ƙamshi rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin shi ne na magani: tazargade ga mai mura, surace da ganyen dogon yaro da na lemun tsami ga mai zazzaɓi, a lulluɓe mutum da bargo ya yi gumi sharkaf ya tashi garau. Tsohuwar takan ce abin da aka haɗiye sai ya bi ciki ya yi ta yawo kafin ya gano inda ake nemansa, amma abin da aka shaƙa ƙirji yake nufa kai tsaye. Hanatu ta riƙe wannan maganar kamar karatun sallah. Da kakar ta rasu ba ta bar mata komai ba sai wani baƙin kasko na yumɓu mai ɓallen baki, shi ne kuma ya biyo ta Gusau a cikin kayan aure.

Mijin, Dalhatu, direba ne mutumin Tsafe. Motarsa ce ta yi zafi a Bungudu wata rana ya shigo neman ruwan lagireto, ita ta miƙa masa, ta kuma ce masa wannan akwalar da tura ta ya yi da ya fi sauri. Ya tafi da ruwan, ya dawo washegari ba motar da ta yi zafi. Haka suka fara, haka kuma suka zauna shekara da shekaru, ba a taɓa jin sun wuni ba su tsokani juna ba. Ita Malam take ce masa, shi kuwa bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Mai Hayaƙi.

Dalhatu dai ba ya son hayaƙi, ko kuma haka yake faɗa. A tashar Tsafe da ke Gusau 'yan uwansa direbobi sun sa masa Dalhatu Amarya, saboda rigarsa da hularsa da kujerun tsohuwar fijonsa duk ƙamshin ɗakin amare suke yi. Fasinjoji mata har rububin motarsa suke. Shi kuwa kullum ya dawo gida ya tarar da tsakar gida ta turnuƙe, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa hula a gaban hancinsa yana tarin ƙarya.

"Mai Hayaƙi, wannan hayaƙin naki shi zai yi ajalina."

Ita kuma ba ta ko ɗago kai take ba shi amsa, cewa mutumin da ya wuni yana shaƙar hayaƙin salansar mota ba shi da bakin magana. Yaransu sun tashi suna jin wannan musayar kamar kiran sallah. Mazan suka girma suka bi manyan motoci suka yi Kudu, aka aurar da autar, Fiddausi, a Damba, amma maganar tana nan ba ta canja ko harafi ba.

Abu uku ake kiran Hanatu a unguwa: in za a kai amarya, in mace ta haihu, in an yi rasuwa. Na ukun ba ta karɓar komai a kansa. Da zarar an yanko likkafani sai a kawo mata, ta hura garwashi a baƙin kaskon nan, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa farin yadin ya sha ƙamshi ciki da waje. Takan ce mutum zai je gaban Ubangijinsa, bai kamata ya tafi da warin kanti ba. Tun zuwanta Tudun Wada ba a fita da gawa ɗaya ba, babba ko jariri, da ba ta turara likkafaninta ba.

Daminar casa'in da takwas ta zo da ruwa mai yawa, ga kuma wahalar man fetur. Direbobi kan yi layi a gidan mai ruwa na dukansu, riga ta jiƙe ta bushe a jiki ta sake jiƙewa. Dalhatu ya fara ɗan tari bai kula ba. Ran wata kasuwar Tsafe, a kan hanyar dawowa, ya sauke wasu fasinjoji wajen Ruwan Bore, motar ta mutu a cikin wani kwari da ruwa ya cika. Dattijo da furfurarsa, maimakon ya jira a taimaka masa, sai ya tuɓe takalmi ya shiga ruwa har ƙirji yana turawa. Ya iso gida haƙoransa na haɗuwa.

Hanatu ta yi masa faɗa son ranta, sannan ta ɗora tukunyar surace. Ta yi masa na dogon yaro, ta yi na tazargade, ta dafa citta da kanumfari, duk abin da ya tashi rabin unguwar nan daga kwance ta yi masa. Wannan karon jiki ya ƙi. Zazzaɓi ya hau ya zauna, kakin da yake tofarwa ya koma kalar tsatsa, in ya ja numfashi sai ya dafe haƙarƙari kamar an soke shi. Ranar da Fiddausi ta zo da tsohon cikinta ta ga leɓen ubanta ya yi baƙi, yana buɗe baki yana neman iska a tsakar gidan da iska ta cika, ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Ta aika tasha, direbobi suka zo suka ɗauke shi ranga-ranga sai asibiti.

Likitan da ya karɓe su wani siririn saurayi ne, Likita Yusha'u, wanda Hanatu ta ƙare wa kallo ta ce a ranta wannan ai ko gemu bai gama fito masa ba. Ya ɗora abin sauraro a bayan Dalhatu, fuskarsa ta canja. Ya ce limoniya ce, ta kama huhu duka biyun, sun cika da ruwa da mugunya, kuma mutumin ya gaji da jan numfashi da kansa. Asibitin yana da injin numfashi guda ɗaya tal, cikin kayan da aka kawo bayan an samu jiha, kuma Allah ya sa ba kowa a kansa. Aka sa Dalhatu barci, aka zura masa tiyon roba ta baki har maƙogwaro, aka haɗa da injin.

Da aka bar Hanatu ta shiga, ta tsaya a bakin gadon. Ga mijinta a miƙe, baki a buɗe an liƙe tiyo da filasta, ga wani akwatin ƙarfe a gefe yana huci kamar zugazugin maƙeri, in ya hura ƙirjin Malam ya tashi, in ya saki ya sauka. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta samu benci a bakin ƙofa ta zauna, kuma daga ranar nan ta zama kamar ɗaya daga kayan ɗakin. Ma'aikata suka gaji da korarta suka ƙyale ta.

Aka yi ta yi masa allurai ta jijiya, safe da yamma, kwana da kwanaki, zazzaɓi ko gezau. Hanatu tana kallo tana ƙwafa a ciki. Wata safiya Likita Yusha'u ya shigo da wani ɗan kofin roba, ya ɗaura shi a jikin tiyon, ya fasa wata 'yar kwalba ya tsiyaya ruwanta a ciki. Da injin ya hura, sai ruwan ya tashi ya zama farin tururi, ya bi tiyo ya shige ƙirjin Dalhatu. Hanatu ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye ba.

Ta tambaye shi mi ne ne wannan. Ya yi mata bayani a hankali, don yaro ne mai ladabi. Ya ce maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, irin na allura. Wanda ake sawa a jini ba ya isa can cikin huhun yadda ake so saboda mugunyar da ta toshe, shi ya sa zai ƙara da wannan, injin ya mayar da shi tururi ya kai shi inda ciwon yake, su haɗu da na allurar su yi aiki tare.

"To ai surace ne!" in ji Hanatu.

Likita ya yi dariya, dariyar farko da ta gani a fuskarsa. "Kusan haka ne, Inna. Namu suracen ke nan."

Ya faɗa ne don ya faranta wa tsohuwa rai, ya wuce gado na gaba ya manta. Ita kuwa ba ta manta ba. Zancen allurar da ake ci gaba da yi ya bi ta bayan kunnenta ya wuce. Abin da ta gani da idonta shi ne an yi ta huda mutum ba sauƙi, ran da aka sa masa tururi kuma abu ya fara juyawa. Kuma gaskiya ne ya juya. Zazzaɓi ya fara sauka, leɓe ya dawo kalarsa, mugunyar da ake zuƙowa ta tiyo ta ragu. Duk wanda ya zo dubiya, daga direbobin tasha har matan unguwa, sai Hanatu ta ja shi bakin taga ta nuna masa ɗan kofin, ta gaya masa ashe abin da kakarta ta Bungudu ta sani shi Turawa suka sa a inji. Ba girman kai ba ne kawai. Daɗi take ji har cikin ranta cewa abin da ya ceci Malam ɗan uwan sana'arta ne.

Ranar da aka cire tiyon, Dalhatu ya daɗe yana kallon rufi kafin ya gane inda yake. Muryarsa ta dushe, sai ka kai kunne bakinsa. Hanatu ta zauna ta zayyana masa komai, ta fi jan zancen tururin. Ya saurara har ta gama, sannan ya motsa baki. Ta sunkuya.

"Har nan kika biyo ni da shi?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce to Malam ya warke, tunda bakin ya dawo.

Bai daɗe a gadon asibiti ba ya fara ƙorafin gida. Ya ce warin wurin ya ishe shi, kuma motarsa tana can an bar ta a hannun yara. Likita ya so ya ƙara riƙe shi, amma da ya ga yana zama da kansa yana shan kunu kaɗan-kaɗan, ya sallame shi. Ya ba Hanatu ƙullin kafso masu kai biyu, ja da baƙi, ya ja mata kunne sosai. Ya ce ciwon kwanciya ya yi, bai mutu ba. In aka yi wasa da maganin nan zai taso, kuma tasowar ta biyu ta fi ta farko muni. Safe, rana, dare, kada a tsallake, kada a bar ko ɗaya. Hanatu ta ce in dai wannan ne ya kwantar da hankalinsa, ba a taɓa ba ta amanar magani ta ci ba.

A gida matsala ta fito. Tiyon nan ya bar wa Dalhatu rauni a maƙogwaro, ruwa ma da dabara yake wucewa. Kafson farko ya tsaya masa a wuya, ya shaƙe, ya yi ta tari har ya dawo da shi da ɗan jini a jiki. Na biyu ma haka. Hanatu ta buɗe na uku ta zuba garin a koko, ɗacin ya tayar masa da zuciya, ya amayar da kokon da ɗan abin da ke cikinsa, ya koma ya kwanta yana haki idanu sun yi ja. Ya ce mata don Allah ta bar shi ya huta. Ta fito tsakar gida da ƙullin magani a hannu, ta rasa inda za ta sa kanta. Likita ya ce kada a tsallake, ga rana tana tafiya, ga mutum ba ya iya haɗiya.

Idonta ya faɗa kan baƙin kaskon a gindin bango.

Ba hauka ta yi ba, kuma duk wanda ya ce sakarci ne bai san Hanatu ba. Lissafi ta yi, irin wanda duk rayuwarta ta koya mata. Magani dai na kashe cutar huhu ne. Huhu kuma ta hanci da baki ake isa gare shi. A asibiti da aka so ya yi aiki, tururi aka mayar da shi, likita da bakinsa ya ce suracensu ke nan. Inji ne ba ta da shi, amma mayar da abu hayaƙi ya shiga ƙirji, wa zai koya mata wannan a duk faɗin Gusau?

Ta zaɓo gawayin ƙirya mai kyau, ta hura shi ta jira har ya yi jajir ya daina hayaƙin kansa. Ta zaunar da Malam a kan tabarma ta jingina shi da bango, ta ajiye kasko a tsakanin ƙafafunsa, ta ja kafso ta raba biyu ta zazzage garin a kan wuta. Ya yi ƙara, ya narke, ya tashi da wani wari mai ɗaci kamar an ƙona roba da gashi. Ita kanta sai da ta kau da kai. Ta ɗan jefa ƙaron hano don ya rage kaifin, ta ɗauko bargo, sannan ta tsaya tana jiran tsokanar da ta saba ji. Ta riga ta shirya amsarta.

Dalhatu ya dubi kaskon, ya dube ta. Bai kaɗa hannu a gaban hanci ba.

"Rufa min, Mai Hayaƙi. Ke kin san aikinki."

Tunda ya aure ta bai taɓa faɗin haka ba. Ta lulluɓe shi, ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta na daɗi inda ba mai ganinta, tana jin tarinsa a ƙarƙashin bargo. Tarin bai dame ta ba. Kowane surace da tari yake zuwa, ciwo ne ke fita.

Ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Da hantsi, bayan azahar, bayan isha'i, kasko da bargo. Ɓawon kowane kafso kuma ta mayar da shi ta rufe ta jefa a wani gwangwanin madara, don ran komawa asibiti ta nuna wa yaron likitan nan cewa ta cika alkawari. Maƙwabciyarta Huseina, wadda suke katanga ɗaya tun suna amare, ta leƙo ta ga yadda ake yi ta ce kai, Allah ya ba Hanatu basira, da wata ce da tuni ta zubar da maganin. Fiddausi ce kaɗai ta yi turus da ta shigo ta ji warin. Ta ce Inna, anya haka likita ya ce a yi? Ko a koma a tambaye shi? Hanatu ta hau ta da faɗa. Ta ce ita da ta kwana ta wuni a bakin injin tana gani da idonta, yarinyar da aka haifa jiya za ta koya mata hayaƙi? Fiddausi kuwa ba a yi mata tarbiyyar ja-in-ja da uwa ba, ta koma Damba da damuwarta.

Kwanakin farko kamar ana samun sauƙi, don ƙarfin maganin asibiti bai gama barin jikinsa ba. Daga nan sai dare ya fara yi masa tsawo. Zazzaɓi ya dawo a ɓoye, kaki ya sake yin duhu. Hanatu ta ga haka ta ƙara kyautata aiki: ta sake bargo mai kauri, ta toshe gefe da gefe kada hayaƙi ya tsere, ta ƙara masa lokaci a ciki. Shi kuma ko sau ɗaya bai ce a'a ba. Ran da kafso na ƙarshe ya ƙone, ta yaye bargon ta tarar kansa ya langaɓe a kafaɗa, leɓen nan ya koma baƙi kamar ranar farko.

Da hantsi suka isa asibiti a motar wani abokin aikinsa. Likita Yusha'u ya gan su ya taho da gudu. Hanatu ba ta jira komai ba ta nufi ɗakin injin, ta tura ƙofa, ta tsaya cik. Akwai mutum a kai. Wata matashiyar Bafulatana ce daga rugagen wajen Bungudu, maciji ya sare ta dafin ya tsayar mata da numfashi, ga uwarta a kan bencin da Hanatu ta saba zama. Injin yana huci, ƙirjin yarinyar yana tashi yana sauka. A wannan lokacin, Allah ya yafe mata, Hanatu ta ji ta tsani yarinyar da ba ta ko san sunanta ba. Likita ya ce in ya cire ta yanzu mutuwa za ta yi kafin a kai ƙofa, kuma ba shi da wani injin.

Aka kwantar da Dalhatu a ɗakin gefe, aka sake zura tiyo, aka haɗa shi da wata jakar roba mai kamar gora, wata malamar asibiti tana matsawa da hannu tana saki. Aka ɗaura allurai. Hanatu ta roƙi a sa masa tururin nan, likita ya ce ɗan kofin ba ya aiki sai da injin. Yana duba ƙirjin yana girgiza kai, ya ce bai gane yadda ciwon ya taso da wannan ƙarfin ba, har da alamar ƙuna a hanyar iska. Ya juyo ya tambaye ta ko an samu ranar da aka tsallake maganin.

Nan ne Hanatu ta kwance bakin zanenta ta fito da gwangwanin madara, ta zazzage a tafin hannunta. Ja da baƙi, ja da baƙi, duk waɗanda ta ƙona garinsu ga su nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Likita ya ɗauki guda ya matsa, ya lotse ba komai a ciki. Ya tambaye ta yaya aka yi ɓawon yake hannunta in an haɗiye. Sai ta gaya masa. Ta gaya masa da ƙwarin gwiwa, da gawayin ƙirya da bargo da komai, tana jira ya ce sannu da ƙoƙari. Tana cikin magana ta ga hannun malamar nan ya tsaya a kan jakar, sannan ya ci gaba. Muryar Hanatu ta fara raguwa har ta ɗauke.

"Ba haka ake yi ba?"

Likita ya dubi ɓawon da ke hannunsa. "Wuta cinye shi take yi, Inna. Ko ƙwaya ɗaya bai shiga jikinsa ba. Hayaƙin kawai ya shaƙa."

"Kai ka ce surace ne."

"Ni na ce," in ji shi, ya sunkuyar da kai. Bai kare kansa ba. Ɓawon kafson ya zube daga hannunta ya watse a siminti, ba wanda ya tsince.

Ta matsa ta karɓi jakar daga hannun malamar. Aka nuna mata: ki matsa, ki saki, ki bi numfashinki. Daga nan ba wanda ya iya raba ta da ita. Mijin Fiddausi ya ce ta kawo ya karɓe ta, direbobi suka ce su yi layi, ta ƙi ko kallonsu. Yatsun nan masu kanta suka yi ta matsawa suna saki, ƙirjin Malam yana tashi yana sauka da hannunta. Can wajen azahar ya buɗe ido. Ya dube ta sosai, ta san ya gane ta. Ta sunkuya ba ta daina matsawa ba, ta ce Malam, ka yafe mini. Da tiyo a bakinsa ba halin magana. Ɗan yatsansa ne ya motsa ya kamo gefen zanenta ya ɗan ja, irin jan da yake mata in zai tsokane ta tana tsakiyar aiki. Ko yafewar ce, ko tsohuwar maganar tasa ce yake son ya maimaita, ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba.

Bayan an sauko daga sallah likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ya daɗe, ya cire, ya yi salati. Hanatu ta ci gaba da matsawa. Ta ce ya sake dubawa, ga ƙirjin nan yana tashi. Ai kuwa yana tashi, don jakar ba ta san mai rai da mamaci ba. Sai da Likita Yusha'u ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannayenta biyu, yana kuka kamar ubansa ne, sannan ƙirjin ya sauka bai sake tashi ba.

Kafin la'asar gidan ya cika. Maza a zaure da ƙofar gida, direbobin tasha sun jera motocinsu har bakin masallaci, mata a tsakar gida. Hanatu tana zaune a ƙuryar ɗaki, hannayenta a cinya suna ɗan buɗewa suna rufewa da kansu. Fiddausi tana gefenta. Aka gama wanka, aka aiko daga zaure da likkafani, aka ce a turara a miƙo, lokaci na tafiya.

Matan suka dubi juna. Ba wadda ta taɓa yin wannan aikin a unguwar in ba mai gidan nan ba. Huseina ta ce bari ita ta hura wutar, Hanatu ta sa hannu kawai ta zuba turaren don albarka. Ta ɗauko baƙin kaskon a bayan ƙofa, ta zubar da toka, ta ɗebo garwashi a murhu ta zuba, ta kawo ta ajiye a gaban Hanatu tare da farin yadin. Da yumɓun ya ɗauki zafi, tun ba a jefa komai ba, sai warin nan ya taso daga jikinsa, ɗaci-ɗaci, roba da gashi.

Hanatu ta ɗauki likkafanin ta ɗora a cinyarta. Ta shafa shi, ta gyara ninkinsa, ta daɗe tana riƙe da shi nesa da kaskon. Sannan ta miƙa wa Huseina da hannu biyu.

"Ku kai masa haka nan. Hayaƙina ya ishe shi."

Aka naɗe Dalhatu direba a farin yadi mai warin kanti, aka fita da shi kafin rana ta yi sanyi.